Waliyyu da Wasan da Ya Ƙi Ƙarewa

Har yau akwai masu cewa ƙanena Waliyyu karatun wasa ya yi. Ni kuwa ba na musu. E, shi ya yi, har digiri na biyu, kai kuma me ka karanta? Sunana Gudiya, ni ce babba a ɗakinmu. A Jega nake aure ina sayar da kayan miya a kasuwa, amma a Kashin Zama aka haife mu ni da shi, can ƙasar Aliero inda kusan kowane gida manoman albasa ne. Ni na goya shi a bayana, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Tun yana ƙarami ba ya barin wasa yadda ya same shi. A zauna dara, sai ya ce a ƙara layin ramuka a gani. A fita langa, sai ya ce me zai hana a raba yara gida uku maimakon biyu. Yau su kore shi don ya cika iyayi, gobe su zo har ƙofar gida suna nemansa, don wanda ya gyara ɗin ya fi daɗi. Babanmu ya rasu Waliyyu yana firamare. Lokacin da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato yana gab da gama sakandare, daga nan ya wuce jami'a ya karanta lissafi da kwamfuta, a zamanin da yawancinmu ko a hoto ba mu taɓa ganin kwamfutar ba. Ya dawo ya kama koyarwa a wata sakandare a nan Jega. Muka ce alhamdu lillahi, yaro ya zama mutum, saura aure.

Ana nan sai rana ɗaya ya zo rumfata ya ce ya ajiye aikin. Wai ya samu gurbi a wata jami'a can kudu da mu, zai yi digiri na biyu a kan tsara wasanni, wato yadda ake ƙirƙirar wasa daga babu, a kafa masa dokoki, a gwada shi a kan allo, sannan a zuba shi cikin kwamfuta. Wallahi saura kaɗan in kwaɗa masa mudun da ke hannuna. Na yi faɗa har maƙwabtan rumfa suka leƙo. Ya tsaya yana murmushin nan nasa mai ƙara wa mutum haushi, da na gaji ya ce zan gani. Gari kuwa ya samu abin faɗi. Duk inda na gifta sai a tambaye ni ya mai karatun wasa, ko ya kai ajin langa. Ina haɗiyewa, amma abin yana cina, don na san abin da ya saka a ciki. Aikin ya riga ya tafi, kuma makarantar lokaci ta ɗibar masa. Idan bai gama a cikinsa ba, haka zai dawo mana, ba aiki ba digiri.

Abin da ya zaɓa ya yi shi ne wasan noman albasa, don manoma su gwada dabara a kan allo kafin su gwada ta a gona. Ya sa kafinta ya yanko masa falanki, ya zana fangaloli a kai kamar na fadama. 'Ya'yan tsamiya su ne iri, tsakuwa ita ce buhun albasa. Idan zagaye ya zo kanka, ko ka dasa, ko ka sayar nan take da arha, ko ka kai rudu, wato rumfar karan da muke ajiyar albasa, ka jira ta yi tsada. To amma wanda ya kai rudu sai ya sa hannu cikin ƙwarya ya zaro wake. Fari, albasarsa ta tsira. Ja, ta ruɓe. Da gangan ya sa wake, don ya san da mutanenmu sun ga ɗan lido ko kati za su ce caca ce su watse. Wanda irinsa ya ƙare ya fita, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci.

Malamin da ke duba aikinsa, Dakta Yusufu, mutumin Ilori, ya ce wasan ya yi, amma da sharaɗi. Sai an gwada shi da ainihin manoman da aka yi shi dominsu, kuma sai ya kai ƙarshe a hannunsu an san wa ya ci wa ya faɗi. Wasan da ba ya ƙarewa, in ji shi, ba a gama tsara shi ba, kuma ba zai sa hannu a kansa ba.

Waliyyu ya ɗauko allonsa ya zo Kashin Zama. Na je gida a lokacin, daga bakin zaure na kalli komai. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma gindin darbejiya ya tara dattawa. A cikinsu akwai Kawu Sambo, maƙwabcinmu, tsoho mai saurin fushi wanda ko gaisuwa a faɗa yake amsawa, da Kalilu, sa'arsa wanda fadamarsu take haɗe. Da fari suna yi suna tsaki. Kafin ka ce me, sun duƙufa, ana gardama kan wa ya yi gaggawar sayarwa. Sai Kalilu ya kai duk abin da yake da shi rudu, ya zaro jan wake. Waliyyu ya ce to Baba Kalilu ya fita, tunda ba shi da sauran iri.

Kawu Sambo bai ko ɗaga kai ba, ya tura wa Kalilu 'ya'yan tsamiya daga gabansa. Waliyyu ya ce doka ta hana. Suka ce to, sun ji. Aka ci gaba. Can sai ga iri a gaban Kalilu, yana dasawa abinsa kamar ba a yi komai ba. Ashe ta ƙarƙashin tabarma ake miƙa masa, wani kuma ta hannun riga. Tsofaffi masu furfura suna satar ba da 'ya'yan tsamiya! Na toshe baki da mayafi don kada dariyata ta fito. Da Waliyyu ya kama hannun Kawu Sambo dumu-dumu, tsohon ya fizge ya ce, "Yaro, ni ba ni zama in ga maƙwabci ba shi da iri ina da shi, ko na tsamiya ne. In dokarka ke nan, naɗe allonka."

Haka aka yi ta yi har aka kira magariba, babu wanda ya fita, babu wanda ya ci. Washegari ma haka. Ya ɗauki allon ya tafi Andarai ta ƙasar Maiyama, wurin wani abokinsa Gidaɗo da danginsa masu noma da kiwo, yana zaton ko su za su bi doka. Su nasu ma ya fi, don ba sa jira irin mutum ya ƙare, da sun ga ya yi ƙasa sai su cika masa. Wani abokin karatunsa ya ba shi shawara ya tara ɗalibai a makaranta su buga, tunda su suna fitar da juna ba tausayi, sai ya rubuta cewa manoma ne. Waliyyu ya ƙi. Wannan kam na yaba masa, ko da yake a lokacin ban faɗa masa ba.

Ya zo rumfata ya rame, idanu sun faɗa, lokacin da aka ba shi saura ƙiris. Ya zauna kan buhun barkono yana ta mita, wai mutanenmu taurin kai gare su, ba su san bambancin wasa da gaske ba, za su jawo masa asarar shekarunsa a kan 'ya'yan tsamiya. Na bar shi ya yi ta yi har raina ya ɓaci.

Na ce, "Kai Waliyyu, shekarar da Baba ya rasu rudunmu ya ruɓe ƙurmus. Da wane iri kake tsammani muka yi dashe?"

Bai sani ba, don yana ƙarami lokacin. Na gaya masa Kawu Sambon nan da yake kira mai taurin kai shi ya raba irinsa biyu ya ba Inna rabi, bai jira an roƙe shi ba, kuma albasar wannan shekarar ce ta riƙe shi a makaranta. Na ce shi ne ya tsara wasan da za a ce wa irin waɗannan mutane su zauna su kalli ɗan'uwa ya faɗi, sannan yana mamakin sun ƙi. Ya tashi ko sallama bai yi mini ba. Na ce a raina oho, gaskiya na faɗa.

Ashe komawa ya yi ya rushe wasan ya sake gini. Ya cire fitar da mutum gaba ɗaya. Ya halatta ba da iri, amma duk wanda ya bayar ya rasa dashensa na wannan zagayen. Ya kawo tsinke ya jera gefen allo a matsayin shekarun noma, duk zagaye a cire ɗaya. Kafin tsinken ya ƙare dole 'yan wasan su haɗu su cika motar da za ta kai albasar gari Kudu. Idan ta cika, kowa ya ci. Idan ba ta cika ba, ko aka bar wani ba iri, kowa ya faɗi. Wato in an yi rowa a faɗi, in an yi kyauta ba lissafi ma a faɗi.

Dakta Yusufu bai gamsu ba. Ya ce shi bai ga yadda mutane za su damu da wasan da babu wanda ya fi wani a cikinsa ba, kuma bai yarda zai ƙare a hannun mutanen da suka ƙi ƙare na farko ba. Amma mutumin kirki ne, sai ya ce zai zo ya gani da idonsa, abin da ya gani shi zai yanke hukunci a kai. Ya shigo motar haya tun daga can har Jega, Waliyyu ya tarbe shi suka ƙarasa Kashin Zama. Ni kuwa na rufe rumfa ranar kasuwa guda, abin da ban taɓa yi ba ko da zazzaɓi, na bi su.

Aka shimfiɗa tabarma bayan azahar. Aka ba Dakta kujera, na kai masa fura na koma bakin zaure. Da dattawan suka ji yanzu an yarda a ba da iri, sai suka saki hannu. Wannan ya ba wancan, wancan ya ba wannan, kowa na nuna shi ɗan halak ne, ba mai dasawa. Waliyyu yana cire tsinke ɗaya bayan ɗaya. Tsinken ƙarshe ya fita, motar ko rabi ba ta kai ba. Ya ce da su a hankali wasa ya ƙare, gari ya faɗi.

Ni da na ji kalmar faɗuwa sai na ɗauka shi ke nan, ƙanena ne ya faɗi a gaban malaminsa.

Sai Kawu Sambo ya fashe. Ya juya kan Kalilu, wai ya ba shi iri ya je ya zuba a rudu maimakon ya dasa. Kalilu ya ce ai shi bai roƙa ba, shi Sambon ne ya bar fangalinsa fayau don a ce ya iya kyauta. Wani ya ce da mutum ɗaya ya riƙa bayarwa saura na dasawa da motar ta cika. Wani ya ce a'a, a fara dasawa tukuna, a taimaki wanda ya faɗi daga baya. Hayaniya ta kaure har mata suka leƙo ta kan danga. Kawu Sambo ya buga tafin hannu a tabarma ya ce a sake, shi ba a taɓa loda motar garinsu rabi ba yana raye.

Na dubi Dakta. Dariya yake yi har yana share ido da hankici. Ya ajiye ƙwaryar fura, ya miƙa wa Waliyyu hannu, ya ce da 'yar Hausarsa wasan ya ƙare kuma masu shi sun ƙi tashi, shi bai san wata jarrabawa da ta wuce wannan ba. Ya ce ya je ya zuba shi a kwamfuta, zai sa hannu. Na ji daɗi irin wanda ban ji ba ko ranar aurena, kuma ba na jin kunyar faɗi. Digirin ya fito bayan haka, da shi yake koyar da ɗalibai har yanzu, amma ni a wurina a kan tabarmar nan aka ba shi.

Kafin a sake jera tsinke, Dakta ya tambaye shi inda ya samo dokar ba da iri, don bai taɓa cin karo da ita a littafi ba. Waliyyu ya ce ba shi ya ƙirƙira ba. Ya nuna Kawu Sambo ya ce wannan ne ya ba mahaifiyarmu rabin irinsa shekarar da babanmu ya rasu, kuma da albasar ya yi karatu. Kowa ya juya yana kallon tsohon.

Kawu Sambo ya haɗe rai ya ce, "Ni ban tuna ba. Raba irin nan, yaro, rana na tahiya."

Ni kuwa na tuna, don ni aka aika fadamarsa da kwando, a kaina na ɗauko irin har gida.