Zoɓon Inna a Kwalbar Kanti

Kowace damina Inna tana shuka yakuwa layi guda a iyakar gonarta ta gero a Dogo-Dogo. In kaka ta yi sai ta ɓare zoɓon da hannunta, ta shanya a kan rumfa, ta ɗura a ƙaramin buhu ta ajiye. Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan ta Magariya" in tana ba wani labarina. Amma tun da aka turo ni koyarwa garin nan, babu Sallar Layya da ba ta shigo taksi ta zo min da buhun nan a cinyarta ba.

Ban taɓa shan haɗin da ya kai nata ba, kuma ba don uwata ce nake faɗa ba. Ba ta dafa zoɓo ya yi ta tafarfasa kamar masu sayarwa a leda. Ruwan take tafasawa ta sauke, sannan ta zuba zoɓon da citta da kanumfari ta rufe. Can sai ta jiƙa ɓawon goruba daban ta tace a ciki, ta sa ni in sayo mata abarba ɗaya a kasuwa, yara su cinye tsokar ita ta ɗauki ɓawon. In ya huce a randa yakan yi ja mai duhu, tsaminsa ya kwanta, ƙamshin 'ya'yan itace ya taso. Yatsunta kuwa sai su kwana uku da ja.

Shekarar da aka ba ni shugabancin lakwal ɗinmu, wato makarantar da nake koyarwa, kaina ya ɗan yi girma, gaskiya ce. Na gayyato matan manyan ma'aikata su zo min cin suya washegarin Sallah. Na sha zuwa gidajensu, na ga abin da suke ajiye wa baƙi: wani jan ruwan inabi marar giya da ake shigo da shi ta iyaka, a doguwar kwalba mai takardar zinariya a wuya. Ba shi da tsada can, amma rago ya riga ya lashe albashina, kuma mutum goma ba kwalba ɗaya za su sha ba. Sai dai ina da wofin kwalaben guda huɗu da na kwaso daga bikin wata maƙwabciya, wai zan zuba man gyaɗa.

Da hantsi Inna ta gama tacewa ta leƙo madafa.

"Ke, a bokiti za a kai musu ko a bar shi a randa?"

"Bar shi kawai Inna, ni zan ji da shi."

Na jira ta fita. Na ɗauko mazurari na cika kwalaben nan huɗu, na goge jikinsu, na jera su a firigo su yi sanyi. Ina yi ina gaya wa kaina ai ba ƙarya ba ce, kwalba ai mazubi ce kamar kowane mazubi.

Baƙi suka zo bayan azahar, kowace da gwaggwaronta. Inna tana ƙarƙashin rumfa a kan tabarma tana yanka sauran naman da za a soya, bai fi taku biyar daga inda muka zauna ba. Suka gaishe ta a tsaitsaye suka wuce. Na kawo nama, na kawo kwalabe a kan faranti, a buɗe, don kada wata ta lura murfin ba sabo ba ne.

Matar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ce ta fara kurɓa. Ta lumshe ido, ta ƙara, sannan ta ɗaga kwalbar tana juyawa.

"Madam, wannan ba irin wanda ake sayarwa a butikin bakin tasha ba ne. Ina kika samo shi?"

Har yau ina mamakin yadda amsar ta fito ba tare da na nemo ta ba.

"Daga Kano aka kawo min."

"Shi ya sa. Ai kaya mai kyau ba ya ɓuya. Mu nan in ka je gidan mutum sai ya tare ka da zoɓon ƙauye mai kashe haƙora."

Aka yi dariya, ni ma na yi. A cikin dariyar ne na waiga. Inna ta ajiye wuƙa. Ba ta dube ni ba. Hannuwanta ta duba, sannan a hankali ta ja gefen mayafinta ta rufe jajayen yatsun, ta zauna haka har baƙi suka tashi. Ta gane abin da ke cikin kwalaben tun daga launinsa, kuma abin da ya dame ta shi ne kada hannunta ya tona min asiri.

Suka shanye kwalba huɗu tas. Ni kuwa kurɓi ɗaya na yi na ajiye kofin. Da za su tafi, wata dattijuwa a cikinsu, tsohuwar ungozoma, ta koma wurin Inna ta durƙusa sosai ta ce, "Iya, Allah ya yi wa hannu albarka." Ta wuce ni ta fita. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta tayar da maganar ba. Washegari ta ɗaure kayanta, wai ta bar awaki a hannun mutane, alhali takan yi mako. Na raka ta tasha, ban haƙurin yana bakina, na kasa furtawa. A gidanmu ba a saba irin wannan magana tsakanin uwa da 'yar fari ba, da wannan na fake. Bayan wata guda na aika mata turmin atamfa, ta aiko da godiya. Na san atamfa ba ta biya ba.

Shekara ta zagayo. Ana jibi Sallah na je tasha tarbarta, ina fargabar ko ba za ta zo ba. Ta zo. Buhun zoɓo na cinyarta kamar kullum, sai kuma wani ƙunshi a tsohon zanenta da ta hana direba ya ɗora a saman mota. Da na karɓa na ji yana ƙara.

A tsakar gida ta kwance. Kwalabe ne guda shida. Shekara guda ta yi tana cigiyarsu a kasuwar Dogo-Dogo da ta Dungas, tana sallahu ga duk mai zuwa iyaka. Biyu irin nawa ne, uku na wani lemo, ɗaya ma ta maganin tari ce, tunda Inna ba ta karatun boko.

"Na ga bara huɗu ba su ishe ku ba," ta ce. "Na wanke su a hankali, ban bar ruwa ya taɓa takardar ba."

Na duba fuskarta ko zan ga gori. Babu. Da gori ne da na fi samun sauƙi.

A wannan Sallar, a babban kwano na kawo zoɓon da ludayi, na ce wa baƙi da ƙarfi, "Na Innata ne, daga gonarta, na bara ma nata ne." Wasu suka yi dariya, matar ɗan duwan ta ɗan tsuke baki, ta dai sha kofi biyu. Na ɗauka na wanke kaina. Inna kuwa tana jin an ambace ta ta tashi ta shige ɗaki don kunya.

Da yamma ina wanke kofuna ta zo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallon kwalabenta shida da ke jere a kan firigo, ba a taɓa su ba.

"Ke," ta ce a hankali, "waɗanda na kawo ɗin ba su yi kyau ba ne?"