Mama Ta Kwance Ƙullin Kayanta

"Anti, kashe shi," na raɗa wa maƙwabciyarmu Anti Ladi. Jiya bayan coci muna kallon fim a wayarta, ashe Mama na tsaye a bayanmu. Labarin wata mata ne da 'yan ta'adda suka kashe mata miji.

Mu ma abin da ya same mu ke nan, Baba aka kashe mana. Tun da muka gudo Lafiya, Mama ba ta zancen Baba, kuma ƙullin kayanta na nan bakin ƙofa, ko da za a sake gudu.

"Ku bar shi," in ji Mama, ta zauna.

Da aka nuno matar tana kwana da takalmi a ƙafa, sai Mama ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Ashe ba ni kaɗai ce mahaukaciya ba."

"Haba Maman Rahila, wace hauka? Ni ma na daɗe ina kwana da nawa."

Yau da safe Mama ta kwance ƙullin. Ta ciro irin kuɓewar Baba, ta aike ni aron fartanya.

Kuɓewa sai an jira ta, ke nan za mu zauna. Ku fa, fim ya taɓa taimakon wani naku haka?