Talatar da Ekuwa Ta Shiga Teku

A gabana Ekuwa Bentsil ta girma, a bayan murhun ƙyafe kifin uwarta Adwowa, wadda muke sayen itace tare tun muna amare. Yarinyar ba ta taɓa son sana'armu ba. Ka ce ta juya kifi a kan raga, sai ka tsince ta a bakin ruwa, tsugune gaban mai gyaran injin kwale-kwale, hannu baƙi ƙirin. Na sha ce mata wane namiji ne zai ci tuwon dokunun da aka ƙulla da wannan hannun. Ko a jikinta.

Ubanta ya rasu tana ƙarama, shi ya sa da ta gama sakandare kowa ya ɗauka murhu za ta gada. Sai ga wata kwaleji a Takoradi da shirin tallafa wa 'ya'yan marasa hali. Suka ɗauke mata kuɗin karatu, suka ba ta ɗaki, ta koyi gyaran injin jirgin ruwa. Mai kula da shirin, Madam Frimpomaa, 'yar Kumasi ce, mace mai kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ita ta saya wa Ekuwa takalmin aiki, ita ta koya mata kallon manya cikin ido idan suna mata tambaya. Ita ce kuma ta yi ta zarya har wani kamfani mai jiragen da ke janyo manyan jirage zuwa tasha ya yarda ya gwada yarinyar. Gurbi ɗaya ne, gwajin kuwa wuni guda a ɗakin inji a tsakiyar teku. Aka sa ranar Talata.

Mu ba ma shiga teku ranar Talata. Ranar hutunsa ce, ko yaron goye ya sani. Ekuwa ta roƙi Madam a sauya ranar. Matar ta yi dariya, don a garinsu ruwan da suka sani na famfo ne, amma duk da haka ta buga wa kamfanin waya. Suka ce in ba ta zo ba akwai masu jira.

Ina wurin lokacin da ta gaya wa uwarta. Adwowa ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ci gaba da jera kifi.

"Maame, ba kifi zan kama ba fa. Inji zan duba."

"Shi tekun kin yi masa wannan bayanin?"

Ekuwa ta ce idan wannan ta wuce ta, sai dai ta dawo hayaƙi ya cinye mata ido kamar yadda ya cinye namu. Raina ya ɓaci, amma ƙarya ta yi? Uwar ta ce ta je, sai dai kada kowa ya ji. Kada kowa ya ji, a garin da in ka yi atishawa a ɗaki sai an amsa maka daga kasuwa! Direban da ya ɗauke ta shi ya fara bazawa.

Ta je, ta ci gwajin, ta dawo da yamma da burodi da lemun kwalba, fuska kamar an ba ta Takoradi kyauta. Maƙwabta suka karɓi burodin suka ajiye, ba su ci ba.

Laraba jiragen masunta suka fita. Da hantsi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, ban da na Egya Kwamena, mai ɗauke da shi da 'ya'yansa biyu da surukinsa. Teku kwance lafiya lau, babu iska, babu hadari. Muka tsaya a kan rairayi har rana ta karkata. Ekuwa ta matso tana cewa wataƙila inji ne ya mutu musu, a ba ta jirgi ta bi sawu ta gyara. Matar Egya Kwamena ta juyo ta dube ta. Sauran matan ma suka juyo. Wallahi na san irin wannan kallon na ɗora laifi, kuma ni ma sai da na kama kaina ina yi.

Adwowa ta ja 'yarta ta bayan murahu, ta cusa mata takalman aikin a jaka, ta raka ta bakin titi ta hanyar da ba mutane.

"Tafi ki kama aikinki. Kada ki zo sai na aiko."

Jirgin bai dawo ba. Yanzu Ekuwa ita ce ta biyu a ɗakin inji, hotonta na manne a ofishin Madam, ana nuna wa sababbin ɗalibai. Duk wata tana aiko da saƙo, tana tambaya ko lokaci ya yi. Lokacin kamun kifi ya zagayo sau da yawa tun daga ranar, Adwowa ba ta aika ba. Na tambaye ta sai yaushe, ta ce sai ranar da matar Egya Kwamena ta daina fitowa bakin ruwa. Jiya ma na ga matar a can.