Ranar da Yayana Ya Kwaikwayi Ɗan Fashi

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, aka yi mana ƙarin albashi mu malaman firamare, kowa ya riƙa jin kansa wani ne. Ni babur na saya. Wani ɗan kasuwa kuma ya sayo injin majigi da janareto, ya kewaye fili da langa-langa a Sabon Gari, yana nuna fim bayan magariba. Ban taɓa yarda da mutumin nan ba. Har gobe ina zargin yanke tsakiyar fim yake yi don ya rage shan mai, amma hakan bai hana ni zuwa ba.

Kallon ma ba shi ne daɗin ba. Daɗin sai washegari a teburin mai shayi na bakin tasha, inda ake zama a yi wa fim shari'a. Yawancinmu ba ma jin abin da Turawan ke faɗa, saboda haka fuska da motsi muke dubawa: wane akta ne ya iya, wane ne ya raina mana hankali.

Yayana, ɗan fari a gidanmu, ba ya cikin wannan harka. Soja ne, ya je yaƙi, aka sallame shi ya dawo Wudil da ɗan ɗingishi da shiru mai yawa. Lambu ya kama a bakin kogi, daga can sai masallaci sai ɗaki. Shirun nan yana ci mini rai, don haka wata rana na matsa masa har ya bi ni kallo. Fim ɗin fashin banki ne, da harbe-harbe da gudun mota. Inda kowa ke ihu, shi sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

Da safe na ja shi teburin shayi. Wani dillalin shanu, wanda bakinsa ya fi cinikinsa ƙarfi, yana ta koɗa shugaban 'yan fashin.

"Kai, wannan akta namiji ne! Kun ga yadda ya daka tsawa kowa ya zube?"

Yayana ya ajiye kofi. "Ƙarya ce, Alhaji. Duk ƙarya ce. Bindigar nan ba ta yin wannan harbi ba a sake mata harsashi ba. Wanda aka harba kuma ba ya tsayawa yin wasiyya. Mutum ɗaya ne ya iya wasa a fim ɗin nan, akawun da hannunsa ya kasa sa makulli a ƙofa."

"To tsawar fa?"

"Mai tsawa tsoro yake ji. Wanda ya san aikin ba ya ɗaga murya."

Aka ce ya nuna a gani. Ya miƙe, ya ɗauki guntun rake, ya riƙe shi a kwankwaso. Fuskarsa ta zama wata iri, kamar an share ta. A hankali, kamar mai roƙon ruwan sha, ya ce, "Kowa ya kwanta. Kar wanda ya kalle ni."

Wani tsoho mai sayar da kifi ya sulale daga benci ya kifa fuskarsa a ƙasa. Aka tuntsire da dariya, tsohon ya tashi yana kakkaɓe riga yana zagi. Ni kuwa farin ciki ya cika ni, don tun dawowarsa ban ji ya yi magana mai tsawon haka ba. Amma na lura dillalin bai yi dariya ba, kallon yayana kawai yake yi.

Ba a jima ba aka tare fatake a hanya bayan an tashi daga kasuwar Juma'a. Ɗaya daga cikinsu ya ba da labari a kara, wajen cinikin shanu, cewa shugaban ɓarayin ya rufe fuska, kuma bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Shi ke nan, gari ya ɗauka.

Ba wanda ya fito ya ce masa ɓarawo. A Wudil ba haka ake yi ba. Gaisuwa ce ta gajarce. Mutumin da zai tambaye ka gida da gajiya da ruwa da iyali, sai ya tsaya a "ina kwana" ya wuce. A sahu kafaɗa ta daina taɓa tasa. Tumatirinsa ya riƙa ruɓewa a kwando. Na tabbata dillalin nan ne ya kunna wutar, don ya daɗe yana zawarcin lambun. Na zargi mai shayi da hura ta, na zargi abokan aikina da suka daina tambayata lafiyar gida. Ban da hujja ko ɗaya, kuma har yau ban janye zargin ba.

Abin da ya rage wa yayana shi ne mahaifinmu. Malami ne mai daraja a unguwa, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe maganar. Sai dai shi mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "yayanku." Ba ya zama da shi, ba ya yaba masa, ko ranar da ya dawo daga yaƙi tashi ya yi ya bar zauren.

Na same shi na durƙusa. "Baba, ka ce wani abu mana. Za su kashe shi da ransa."

"Da bakina zan wanke shi? Ina ka taɓa jin an yi haka?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba a musu da uba.

Daga ƙarshe mai unguwa ya ce a yi rantsuwa kowa ya huta. Aka taru a ƙofar gidansa bayan la'asar. Kafin a kawo Alƙur'ani ya juya ga mahaifinmu.

"Malam, kai me ka ce? In ka tsaya masa, ba sai an kai ga haka ba."

Na ga yayana ya ɗaga kai, abin da bai yi ba tun da muka zauna. Mahaifinmu ya dubi ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ɗa na kowa ne. A yi abin da ya dace."

Yayana ya yi alwala, ya dafa, ya rantse bai taɓa tare kowa ba, bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Aka shafa fatiha. Dillalin ne ya fara miƙa masa hannu, wai dama shi bai taɓa yarda da zancen ba. Ji na yi kamar in shaƙe shi.

Da muka koma gida mahaifinmu ya tsayar da mu a zaure. Ni ya kalla, ko da yake yayana na gefena.

"Tambayi yayanka, ina ya koyi wannan murya?"

Yayana bai jira ni ba. "Ni aka yi wa ita, Baba. An kama mu a daji, aka ce mu kwanta. Mutumin bai yi tsawa ba. Na dama da ni da na hagu da ni ba su tashi ba. Ni ban san me ya sa aka tsallake ni ba."

Ban taɓa jin wannan labari ba, kuma na san ba wanda ya taɓa ji.

"Rantsuwar ba ta dame ni ba," ya ci gaba. "Gari ne, gari ya gaji haka. Amma an tambaye ka, Baba."

Na ga leɓen mahaifinmu yana motsi. Ni na san bai taɓa zarginsa ba, na san abin da ke ransa, sai dai bakin da bai saba ba ya ƙi buɗewa. Ya ja carbinsa ya ce Allah ya kyauta.

Ranar kasuwa ta gaba yayana ya ɗaure kayansa, ya ce Jos zai tafi neman aikin gadi. Na yi roƙo har na gaji. Ni na raka shi tasha, mahaifinmu bai fito ba, don ba a raka ɗan fari. Bai sake zama a Wudil ba.

Da na dawo na tarar da mahaifinmu a zaure, littafi buɗe a gabansa ba ya karantawa. Ya tambaye ni ko an samu wurin zama mai kyau a motar, saboda ƙafar nan. Na ce an samu. Sannan ya kira sunan yayana, cikakke, a hankali, yana kallon ƙofa. Ranar na fara jin sunan a bakinsa, kuma mai amsawa ya riga ya yi nisa.