Ranar da Yumɓu Ya Sake Launi

Mijina mahaƙin rijiya ne, ubansa ma haka. A Damargu wannan ba ƙaramar sana'a ba ce, don ruwanmu ba kusa yake ba. Wata rijiyar sai raƙumi ya ja igiya ya yi nisa, mai kora shi ya ƙanƙance a ido, kafin guga ya leƙo. Wanda zai shiga irin wannan rami ya fito da ransa da na mutanensa, dole ya san ƙasa.

Ga yadda yake aikinsa. Duk gaba ɗaya da aka haƙa, wato tsawon hannu biyu a buɗe, sai a ɗebi ƙasar wurin a tsiba ta gefe. Tsibi na bin tsibi a jere. Ya duba launi, ya murza, wani lokaci ya ɗanɗana, sai ya faɗi abin da ke ƙarƙashi. Na fi shekara ashirin ina kai masa fura bakin aiki. Ni ba mai yawan magana ba ce, kallo nake yi. Haka na koyi jerin nan ba tare da kowa ya koya mini ba.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, ni na fara ganewa. Ya kai hannu zai ɗauki ludayi, ya damƙi iska. Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Sai dai daga ranar, in na kai fura nakan bi ta jikin jerin, in na durƙusa ajiye ƙwarya in ce ƙasa-ƙasa, "Ja ce, da farar tsakuwa." Ya ce, "To." Can an jima ya miƙe ya gaya wa mutanensa abin da za su tarar. Rani uku muna haka. Ko ƙanensa da ke riƙe masa igiya bai sani ba.

A shekarun da Nasara ke share hanyar mota daga Damagaram zuwa arewa, kumandansu ya aiko a haƙa rijiya yamma da Tanut. Ya turo wani Nasara siriri, ana ce masa injiniya, tare da tafinta da gardi. Aka kira mijina gindin aduwa. Ina bayan zana ina ji.

Tafinta ya ce, "Wai ina ka yi karatun aikin nan?"

Mijina ya ce, "A cikin rami."

"Wai rijiya nawa ka haƙa?"

Sai ya shiga lissafo su, daga kwarin Tarka har Falanko, kowace da zurfinta da irin ƙasarta, da wadda ta ba da ruwan zartsi, da wadda ta rufta da yayansa. Injiniya yana rubutawa. Ƙanen mijina, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce wa tafinta, "Ɗan birni, tambaye shi, shi nawa ya haƙa?" Tafinta ya harare shi, amma ya tambaya. Injiniya ya ɗaga yatsa huɗu, ya ce a wata ƙasa mai dutse ne, ba ta yashi ba. Da na ji bai ƙara ko ɗaya a kai ba, na ce a raina wannan ba maƙaryaci ba ne.

Kuma ya san abinsa, ba zan hana shi ba. Shi ya kawo zoben siminti da ake saukarwa maimakon itacen da muke jerawa. Kullum da safe sai ya zura fitila cikin ramin, in ta mutu ba mai shiga. Amma shi ne ya sa aka kewaye wurin da shingen ƙaya, aka ce ba mai wucewa sai ma'aikaci, don kada wani ya faɗa. Mazan kuma can suke kwana. Na sauka a wani ƙauye kusa, ina kawo fura in miƙa wa gardi a bakin shinge, ya dawo mini da ƙwarya. Jerin yana can ciki, na hango shi kamar tsibin gyaɗa, launi kuwa ba ya ganuwa daga nesa.

Kwana ashirin da wani abu muna haka. Hannun mijina da harshensa suna ta fid da shi.

Ran wata Laraba gardi ya dawo mini da ƙwarya, sai na ga shatin yatsun mijina a jikinta. Yumɓu ne. Na san sun kwana biyu cikin yumɓu, amma wancan ja ne. Wannan toka-toka ne mai shuɗi, da zanen baƙi siriri. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a Tarka, ranar da rijiya ta rufta da yayansa. A hannu laushinsu ɗaya da jan, a baki ma haka. Ƙarƙashin ja ruwa ne a kwance. Ƙarƙashin wannan rairayi ne mai gudu, da an huda shi sai ya taso, bango ya biyo baya.

Na ce, "Gardi, me suke shirin yi?"

Ya ce, "Iya, yau sai murna. Mijinki sarkin haƙa ya ce ruwa na ƙarƙashin yumɓun nan. Shi da kansa zai sauka ya fasa."

"Zoben simintin sun kai can ƙasa?"

"Sauran gaba biyu. Ya ce yumɓu ba ya buƙata."

Na ajiye ƙwarya na wuce ta gefensa. Ya kama mini mayafi, na bar masa shi.

Na tarar an riga an ɗaura wa mijina igiya a ƙugu, dagi na hannunsa. Ƙanensa ya gan ni ya ce, "Matarmu, kin biyo sauran furar ne?" Ban kula shi ba. Na matsa kusa na ce a hankali, "Maigida, irin na Tarka ne. Shuɗi ne."

Na ga ya ji. Amma ya riga ya faɗi magana gaban mutum goma sha wani abu, gaban Nasara, har an rubuta. Ya ce, "Koma gida."

"Kwance igiyar tukuna."

"Na ce ki koma." Ya juya ya zura ƙafa ɗaya cikin rami.

Abin da na yi bayan nan, na sha auna shi a raina shekara da shekaru. Na je ƙarshen jeri na ɗebo yumɓu biyu, na jiya da na yau, na ɗora a tafin hannuna. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Tafinta, a tambayi sarkin haƙa, wanne ne ja, wanne ne shuɗi."

Ba wanda ya motsa. Mijina ya dubi hannuna, ya daɗe yana duba. Ƙanensa ya sunkuyar da kai. Tafinta bai fassara ba, injiniya kuma bai nema ba, ya gani da idonsa.

Mijina ya janye ƙafarsa. Da kansa ya kwance igiyar.

Injiniya ya tsuguna gabansa, ba gabana ba, ya sa aka tambaye shi me shuɗin yumɓu ke nufi. Mijina ya faɗa masa duka. Sai aka kawo dogon ƙarfe, aka saukar da ƙanensa yana reto a igiya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ya soka ƙarfen daga sama. Muna ji daga baki ramin ya yi wani irin numfashi. Aka janyo shi da sauri, rairayi har gwiwarsa, bangon gabas ya zube inda mijina zai tsaya. Wata guda suka ƙara suna saukar da zobe ɗaya bayan ɗaya kafin su ci ƙarfin wurin.

Mijina bai jira ƙarshen aikin ba. A ranar ya miƙa wa ƙanensa dagi, muka kama hanyar gida a ƙasa, yana gaba ina baya. Da muka zo wani kwazazzabo ya tsaya, ya kasa gane inda zai taka. Na wuce gaba, ya ɗora hannu a kafaɗata.

Ya ce, "Da kin bar ni, da yanzu ana cewa sarkin haƙa ya mutu a ramin aikinsa."

Na ce, "Da ana cewa."

Bai sake shiga rami ba. Masu neman haƙa suka koma wajen ƙanensa, yara suka fara ce masa Baba makaho. Ya rayu shekara tara bayan nan, yana tufkar igiya a ƙofar gida. Bai taɓa ce mini na kyauta ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba.