Ruwan Alwala a Kan Dutse

Har yau ban manta da ranar da na ajiye makullin mota a gaban Alhaji Bawa ba. Ku da kuka shigo aikin ƙungiya daga baya kuna jin ana ce mini Sarkin Ruwan Zafi, ba ku san mafarin sunan ba. To ga shi.

Ni direba ne, ban yi boko ba. Da dako na fara a tashar jirgin ƙasa ta Kaura, na yi karen mota, na ja babbar mota shekaru masu yawa ina kai gero da dawa duk inda aka ce. Da bayana ya fara ciwo, sai ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ta ɗauke ni in riƙa jan ƙaramar motarta. Ƙungiyar tana da rassa uku: Kaura, Shinkafi da Zurmi. Alhaji Bawa ne shugaba. Malam Kabiru ne sakatare, ɗan gidan malamai, ya kuma yi karatu a foliteknik ta garinmu. Ni ne na ƙarshe. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya: direba ya ja mota, ya ja bakinsa.

Duk shekara ana babban taro na kwana uku. Na shekarar da ta gabaci wannan tafiya a Kaura aka yi shi, tsakiyar bazara, a ɗaki mai rufin kwano. Aka ɗauke wuta. Baba Maiwake, dattijon reshen Zurmi, ya sume ana cikin jawabi. Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya ce shi da taro sai dai a gari mai sanyi, kuma mutanen Zurmi ba sa tsallake maganarsa. Nan take aka yanke cewa taro na gaba a garin duwatsu za a yi, wuri mai sanyi da araha. Aka zaɓi wajen Jos, saboda masu gonakin kaji na can suna sayen dawa da masara, kuma tun da muka samu jiharmu ƙungiya take son ta riƙa ciniki da su kai tsaye. Aka sa lokaci bayan kaka, sa'adda kowa yake da hatsin da zai yi magana a kai.

Mutane na gumi suka yanke wannan shawara. Ku riƙe wannan.

Ƙarshen damina muka tafi duba wuri, mu uku. Lokacin ana ta maganar Shari'a a jiharmu, duk gidan man da muka tsaya sai an dubi lambar motar an ce ga 'yan Shari'a sun iso. Alhaji yakan ce su zuba mai daidai, in ba haka ba ya taho da alƙali a but. Malam Kabiru kuwa yana riƙe da takarda mai sharuɗɗa biyar, ya karanta mana ita har na haddace: araha, ɗakin taro, wurin salla, babu giya, akwai fanka.

Wuri na farko a tsakiyar birni yake. Tsada, ga kiɗa, ga kwalabe a kan tebura. Alhaji ko fita daga mota bai yi ba.

Na biyu a wani ƙaramin gari yake, a gindin dutse. Masaukin wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ɗakuna ƙanana, masallaci a bayansa, kasuwa a gabansa. Kuɗin da dama-dama. Malam Kabiru ya leƙa ya ce dutse aka aiko mu nema, ba ƙasan dutse ba, irin wannan ai akwai a Banga, can wajenmu.

Na uku a can ƙololuwa yake, tsohon gidan hutun Turawan kuza. Mun isa bayan azahar, rana ta fito, iska tana kaɗawa. Kana tsaye kana hango garuruwa kamar an zuba ƙwarya a ƙasa. Ɗakin taro babba, ga wurin salla, giya babu, kuɗin kuma ya fi na ko'ina sauƙi. Abu ɗaya ya rage a takarda. Malam Kabiru ya ɗaga kai ya ga babu fanka a ɗakunan, sai ya ce wa manajan tunda haka ne a yi mana ragi. Manajan ya dube shi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya rage.

Wannan dariyar ce ba ta yi mini ba. Na shekara ina ciniki da mutane, wanda ya rage kuɗi da sauri yana dariya ya san abin da ba ka sani ba. Na zaga. Kowane ɗaki akwai murhu a jikin bango, amma an toshe su da siminti. Gilasan tagogi rabi sun fashe. Ruwa a tankin ƙarfe yake a fili. Babu itace, babu mai shayi, sai an sauka gari. Ni kuwa na taɓa kwana a ƙarƙashin babbar mota a kan hanyar nan lokacin ɗari, da buhu biyu a jikina, har na yi tsammanin ba zan ga safiya ba.

Na dawo na tarar Alhaji ya ciro biro zai sa hannu. Na ce, “Alhaji, wurin ga bai yi ba.”

Malam Kabiru ya juyo. “Mamman, yaushe anka sa ka cikin kwamiti?”

“Ba a sa ni ba. Amma sanyin wurin ga kashe tsoho yake.”

“Sanyi munka zo nema,” in ji shi. “Kai dai tsoron hawan dutsen kake, kar motarka ta yi tari.”

Alhaji ba ya son a musa masa a gaban baƙo. Fuskarsa ta canza. Ya ce in na gaji da aikin in faɗa, direbobi sun cika tashar Kaura. Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san bayana ba zai sake ɗaukar babbar mota ba, ga iyali. Duk da haka na ciro makullin na ajiye a kan takardar. Na ce mu kwana a nan, su yi alwalar asuba da ruwan tankin can. In sun idar da salla suka ce nan ɗin dai, su riƙe makulli, ni zan nemi motar haya in koma.

Alhaji ya sa makullin a aljihu. Ya ce haka za a yi.

Da asuba hazo ya rufe dutsen, ko motar ba a gani. Ni na riga su tashi. Tun zamanin babbar mota ba na tafiya sai da ɗan risho da tukunya a but, na kuwa riga na sauke su da kayanmu, na ɗumama ruwa na yi alwalata, na ɗora shayi, na zauna a lungu ina jira.

Malam Kabiru ne ya fara fitowa, da 'yar riga shara-shara da buta. Ya tara ruwa. Ya wanke hannu, ya tsaya. Ya kurkure baki, na ji ya ja numfashi. Da ya kai ga fuska sai ya fara salati da ƙarfi, kafin ya kai ƙafa yana tsalle a kan dutse kamar ya taka garwashi. Sai ga Alhaji Bawa, shugaban rassa uku, ya naɗe jikinsa da labulen taga. Ya sa yatsa ɗaya a ruwan ya janye. Ya tambayi Malam Kabiru a hankali ko akwai halin taimama a irin wannan yanayi. Malam Kabiru, haƙora na kaɗawa, ya ce ruwa na nan, Alhaji.

Na bar su sun gama, muka yi salla. Sannan na miƙa musu shayi. Na ce, “Wannan ƙarshen damina ne. Taronku cikin ɗari yake. Baba Maiwake zafi ya kayar da shi ya tashi. In wannan ya kayar da shi, a bayan mota za mu mai da shi Zurmi.”

Alhaji ya shanye kofi biyu. Ya laluba cikin labulen, ya ciro makulli ya jefo mini. “Tayar da mota, ɗan banza. Kuma in na ji labarin labulen ga a Kaura, kai ne.”

Muka sauka wurin tsohon ma'aikacin jirgin. Ya yarda zai girka durom biyu na ruwa a kan itace kullum kafin kiran salla. Malam Kabiru ya ciro takardarsa, ya soke fanka, ya rubuta bargo da ruwan zafi. Ya kuma karanta mini, don ya san ba zan iya dubawa ba. A takardar gayyata aka sa kowa ya zo da bargonsa. Mutanen Shinkafi suka yi ta dariya, wai za a tafi taro ko jinya. Su ne suka fara cika layin 'yan gwanjo washegarin isowarmu, manyan alhazai suna gwada suwaita a kan babbar riga.

Baba Maiwake ya zo da bargo biyu da safa. Ni aka ɗora wa kula da durom ɗin. Kullum da asuba sai ya miƙo buta ya ce, “Sarkin Ruwan Zafi, a taimaki talaka.” Ya zauna taron daga farko har ƙarshe, kuma shi ya tsayar da magana da masu gonakin kaji, cinikin da muka daɗe muna cin moriyarsa. Rana ta ƙarshe da hantsi na kwashe su zuwa ƙololuwa aka yi hoto. Manajan ya gane mu, ya ce sannu da zuwa masu neman fanka.

Abin da na koya ke nan. Masaukin taro ba da rana ake duba shi ba, lokacin da mai shi yake so ka gani. Ka kwana, ka tashi a lokacin da tsohon cikinku zai tashi, ka taɓa ruwan da zai taɓa. Takarda tana ɗauke da abin da ya dame ku a gida ne kawai. Na kuma koyi cewa shugaban da zai iya mayar wa direba makulli yana sanye da labule, shugaba ne. Na ja shi har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Labarin labulen kuwa ban taɓa ba kowa ba sai yau.