Littafin Yaya Garba da Na Ƙona

Shekara ashirin ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa, kuma a duk tsawon shekarun nan akwai maganar da na kasa gaya wa 'yarsa. Yau zan faɗe ta, ko na samu sauƙi.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin kimiyya a wata sakandare. A shekarar da sojoji suka koma bariki kowa a Yakasai zancen siyasa yake, shi kuwa hankalinsa na kan wani reshe da wani ɗan kasuwa ya kawo masa tsaraba daga ƙasashen gabas. Kore ne mai ƙaya, kamar ƙerana, wai sunansa diragon furut. Ya dasa shi a gindin katangar gidanmu, ya kama, ya haye ta. Mu ɗan tsiron muke jira mu sha, jan nan mai farar tsoka da baƙaƙen ƙwayoyi. Shi kuwa rassan da ake sarewa a zubar su ne suka hana shi sakat.

Sai ya yayyanka su ya auna, ya shanya a kan soro, ya sake aunawa don ya san yawan ruwan da ke ciki. Ya kai makaranta ya ƙona, ya auna tokar. Ya ware zaren daban, yauƙin daban. Ya ce yauƙin zai iya haɗe ƙaiƙayi da garin katako su zama curin girki mara hayaƙi da yawa, tokar kuma da sinadarin da ƙasa ke so. Innarmu, wadda hayaƙin itace ya cinye wa idanu, takan tsokane shi: "Malam, in an gama dafa ciyawar a sam mana." Mu yi ta dariya, ni ma na fi kowa.

Duk abin da ya auna yana cikin wani littafi mai baƙin bango. Kuma Yaya ba ya fara shafi sai ya rubuta Bisimilla da Larabci a samansa.

Ciwon kwana uku ya ɗauke shi. Da damina ta zo ɗakinsa ya yi yoyo, ɗinkin littafin ya saki, iska ta watsa shafukan a tsakar gida. Na tsinci ɗaya a bakin kwata, sunan Allah a kansa. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana cewa irin wannan takarda ba a barinta a ƙasa, ƙona ta ake a binne tokar. Ban tsaya karanta ko layi ɗaya ba. Na tattara duka, har waɗanda ruwa bai taɓa ba, na ƙyasta ashana. Na tashi ina jin na yi aikin lada. Da na yanke saman shafukan kawai ya isa, amma wannan dabara ba ta zo min ba sai bayan shekaru.

Yau ana noman tsiron nan a wajen gari, 'ya'yansa na manyan kantuna, rassan kuwa a jibge suke suna ruɓewa. Motocin gawayi na wucewa ta Ƙofar Nassarawa, dazuka na ƙarewa. Da Yaya zai leƙo ya gani, ban san wa zai fi jin haushi ba, masu zubar da rassan ko ni.

Hauwa, 'yarsa tilo, tana goye lokacin da ya rasu. Yanzu kimiyya take karantawa a jami'a, kuma rassan nan ta zaɓa ta yi bincike a kansu, don labarin da Inna ta sha ba ta. Watan jiya ta same ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, ina littafin Baba? Ko shafi ɗaya ne, in ga rubutun hannunsa."

Na ce zan duba. Sau uku ke nan tana kira, ina cewa ban gama dubawa ba.

In ana lissafin abin da ya rage na Yaya, akwai tsiron da har yanzu ke kan katanga, akwai kuma yarinyar da ta gaji naciyarsa ba tare da ta san fuskarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Hauwa, na san za ki karanta wannan. Babu littafi, ni na ƙona shi da hannuna. Tokar tana gindin katanga, daidai inda tsiron ya fi kauri. Ki zo da ma'auninki ki fara daga farko, ni zan riƙa sare miki rassan. Ki yafe min.